Labarai sun hana ni barci, amma ina jin nauyin kawar da kai

Tambaya: "Likita, ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya, amma iyayena da ƙannena suna wani ƙauye a kudancin jihar Katsina. Kusan shekara biyu ke nan ba na iya ajiye waya. Da ita nake kwana, da ita nake tashi. Ina cikin zaurukan WhatsApp da yawa, kuma kowanne ka buɗe labarin hari ne, ko na sace mutane, ko na ƙarin farashi. Barcina ya lalace, gabana yana yawan faɗuwa, ina yi wa ɗalibai da iyalina tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maiɗakina ta ce in fice daga zaurukan in daina sauraron labarai gaba ɗaya. Ni kuma ina ganin hakan juya wa mutanena baya ne, ga shi ina cikin masu jan hankalin matasa su yanki katin zaɓe su riƙa bibiyar shugabanni. Yaya zan yi in ci gaba da sanin halin da ake ciki, in ci gaba da ba da gudummawata, ba tare da na hallaka kaina ba?"

Malam, Allah Ya tsare mahaifa da ƙanne, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Idan na fahimce ka, kana ganin kanka a tsakanin abubuwa biyu da dole sai ka ɗauki ɗaya: ko dai ka ci gaba da bin labarai yadda kake yi lafiyarka tana zagwanyewa, ko kuma ka bi shawarar maiɗakinka ka samu barci amma ka zama wanda bai san halin da mutanensa suke ciki ba. Aikina kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne, kuma masu irin kukanka sun yawaita a gabana a 'yan shekarun nan, duk da cewa yawancinsu ba da sunan labarai suke zuwa ba. Ciwon kai ne yake kawo su, ko bugun zuciya, ko su ce olsa ta tashi ta ƙi jin magani, sai an zauna an yi hira sannan waya ta shigo cikin zancen. Abin da nake gani a wasiƙarka shi ne, tashin hankalin da kake zuba wa zuciyarka kullum ya ninka abin da hannunka zai iya yi a kansa, kuma wannan tazarar ce take cin ka. Saboda haka gyaran ta ɓangare biyu zai zo, a rage abin da ke shiga, a ƙara abin da hannu yake yi. Maiɗakinka ta hango na farko, kai kuma kana kare na biyu, kuma ina ganin kowannenku yana riƙe da gaskiyar da ɗayan yake buƙata.

Kafin komai ina so ka cire wa ranka cewa rauni ne ko ƙarancin tawakkali ya sa ka shiga wannan hali. Mutumin da ya ga an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, aka sake yi a Jangebe bayan wata biyu, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari a Maris ɗin 2022, aka kwashe yara a Kuriga a Maris ɗin 2024, alhali shi kansa malamin makaranta ne kuma iyayensa suna yankin da abin yake faruwa, in har gabansa bai faɗi ba to shi ne ya kamata a bincika. A kan wannan kuma aka ɗora cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, albashin malami kuwa bai yi irin wannan gudun ba. Damuwarka tana da tushe. Abin da za mu duba shi ne yadda ta tashi daga damuwar da ke sa mutum ya motsa ta koma wadda take daskarar da shi.

Abin da ke faruwa a jikinka

Allah Ya halicci ɗan Adam da tsarin kare kai wanda yake farkawa kafin tunani ya gama aikinsa. Da zarar ido ya ga jini ko kunne ya ji ihu, wani sashe na ƙwaƙwalwa yana aika saƙo, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarce, tsokar wuya da ta kafaɗa su ɗaure, narkar da abinci ya ja baya, barci ya gudu, domin jiki ya ɗauka cewa lokacin gudu ne ko na kare kai. Wannan tsari rahama ne ga wanda 'yan bindiga suka shigo garinsu cikin dare. Matsalar ita ce, sashen da ke tayar da shi ba ya tantancewa sosai tsakanin harin da ke ƙofar gida da wanda ke cikin bidiyon da aka turo daga wata jiha, ko ma daga wata ƙasa shekaru biyar da suka wuce. Wanda ya ga haɗari da idonsa yana gudu, ya tsira, ya zauna ya huce, jikinsa ya koma daidai. Kai kuwa kana kwance a kan katifa, jikinka ya gama shirin gudu, babu inda za ka je, kafin ya huce kuma wani bidiyon ya shigo. Kamar babur ne da aka kafe a wuri ɗaya ana ta ba shi wuta: man yana ƙonewa, injin yana zafi, tafiya kuwa ba a yi ba.

Tsawar da kake yi wa ɗalibai daga nan take fitowa. Wanda bai samu isasshen barci ba haƙurinsa yana raguwa, wanda jikinsa yake a ɗaure kuma ƙaramin motsi ma yana fassara shi a matsayin barazana. Rashin barcin yana ƙara faɗuwar gaba, faɗuwar gaban tana sa ka ɗauki waya domin ka tabbatar babu abin da ya faru, wayar kuma ta ba ka sabon abin firgita. Duk lokacin da ka duba ka ga ba ƙauyenku ba ne kana samun sauƙi na 'yan mintoci, kuma wannan ɗan sauƙin shi ne yake koya wa ƙwaƙwalwa ta sake neman dubawa. Shi ya sa ajiye wayar yake maka wuya ko da ka yi niyya.

An yi bincike a kan wannan. Bayan tashin bama-bamai a gasar gudun yada-ƙanin-wani ta birnin Boston na Amurka a Afrilun 2013, masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya sun gano cewa mutanen da suka riƙa shafe awa shida ko fiye a kullum suna bin labarin a kafafen yaɗa labarai sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda suke wurin ko kusa da wurin lokacin da abin ya faru. Mai yiwuwa ne waɗanda dama suka fi firgita su ne suka fi manne wa labarin, amma ko ta wace fuska aka duba, abubuwan biyu suna ciyar da juna. A farkon annobar korona a 2020 ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mutane su ware lokaci sau ɗaya ko biyu a rana domin jin labarin cutar daga majiya amintacciya, su bar bin sa dare da rana.

Iyayenmu ba jahilan duniya ba ne. Tun 1957 ake sauraron sashen Hausa na BBC, kuma dattijon da ke rataye da rediyo a kafaɗa yakan san abin da ake ciki a Falasɗinu da Sudan fiye da matasa da yawa masu manyan wayoyi. Bambancin shi ne shirin rediyo yana da farko yana da ƙarshe. An yi taken buɗewa, an karanta labaran duniya, an kawo rahotanni, an yi sallama, mutum ya kashe ya tafi gona ko kasuwa, kuma kafin labari ya iso kunnensa wani edita ya tace shi. Facebook da TikTok ba su da sallama, kuma an tsara su ne su riƙa gabatar maka da abin da ya fi tsayar da yatsanka, abin tsoro da abin fushi kuwa su suka fi tsayar da shi. Zauren WhatsApp kuma ba shi da edita.

Ba duk labari ne matsayinsa ɗaya ba

Shawarar a kashe waya gaba ɗaya tana iya yi wa wanda labarin bai shafi gidansu ba. Kai ba haka kake ba, kuma waɗanda suka ɗanɗani katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina a watan Satumbar 2021 sun san cewa rashin jin labarin gida azaba ce mai zaman kanta. Mutane sun riƙa tafiya mai nisa domin kawai su samu sabis su ji muryar nasu. Don haka ba zan ce ka yanke ba. Zan ce ka raba labarin gida da sauran labarai, ka yi masa hanyarsa ta daban.

Abin da zuciyarka take nema a duk wannan dube-duben amsar tambaya ɗaya ce: mutanena suna lafiya? Zaure mai mutum ɗari biyu ba zai ba ka wannan amsar ba, ƙaninka ne zai ba ka. Ku yi yarjejeniya da mutum ɗaya ko biyu a gida cewa za ku riƙa magana a lokaci sananne, misali bayan sallar asuba da bayan magariba, kuma idan wani abu ya taso a kowane lokaci kiranka za su yi kai tsaye, ba rubutu a zaure ba. Ka samu lambar wani maƙwabci da ta wani a gari mafi kusa saboda ranar da sabis ya ɗauke ko caji ya ƙare, ka kuma riƙa tura musu ɗan kati domin kada rashinsa ya hana kira. Da dare ka kashe data ka bar layin kira a buɗe, ka ajiye wayar nesa da inda hannunka zai kai daga kwance. Wani magidanci da na taɓa dubawa, wanda mahaifiyarsa take wani ƙauye a Zamfara, yana farkawa sau da yawa cikin dare ya haska fuskarsa da waya a ƙarƙashin mayafi domin kada matarsa ta gani. Da muka yi wannan tsari sai ya sayi ƙaramar waya mai maɓalli wadda 'yan gidansu kaɗai suke da lambarta, ya riƙa barin babbar a falo tana caji. Daren farko ya ce bai runtsa ba saboda zullumi, amma sannu a hankali zuciyarsa ta yarda cewa shirun ƙaramar wayar shi kansa labari ne, ma'ana ana lafiya. Ka kuma zauna da 'yan'uwanka ku tsara abin da za a yi idan abin ya matso: gidan wa za a sauka, wa zai kawo mota, ina takardu masu muhimmanci suke. Tsoron da aka yi wa shiri ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda yake yawo a kai babu tsari.

Labarin da kake buƙata a matsayinka na ɗan ƙasa, wato abin da majalisa ta zartar, kasafin kuɗin jiha, halin da hanyar Funtuwa ko ta Birnin Gwari take ciki kafin tafiya, wannan rabin awa da safe da rabin awa da yamma sun ishe shi. Ka zaɓi kafa biyu ko uku masu suna da adireshi waɗanda idan sun yi kuskure za a iya tuhumarsu, ka fifita saurare da karatu a kan kallo, kuma kada na yamman ya wuce sallar isha'i. Wanda ya karanta rahoto ɗaya cikakke a kan dalilin tsadar masara ya fi sanin halin ƙasa a kan wanda ya ga saƙo hamsin masu taken "da ɗumi-ɗumi". Zaurukan kuma ka duba su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka wane ne ya taɓa ba ka labarin da ya sa ka ɗauki wani mataki. Wanda bai taɓa ba ka fice, idan kuma ficewar za ta jawo ɓacin ran dangi ka rufe ƙararsa, sannan ka shiga saitin WhatsApp ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu.

A kan bidiyon gawarwaki da na waɗanda ake azabtarwa a daji, ra'ayina a fili yake: kada ka buɗe, kada ka tura. Babu wani sani da yake ƙara maka a kan jumlar da ta ce an kashe mutum kaza a wuri kaza, sai dai hoton da zai dawo maka a sallah da cikin barci. Ka tuna da bidiyon da masu garkuwa suka fitar a Yulin 2022 suna dukan fasinjojin jirgin ƙasan Kaduna. Su suka ɗauka, su suka saki, domin su karya zukatan dangi su ɗaga farashin fansa, kuma duk wanda ya tura shi ya taya su isar da saƙonsu kyauta. Mamacin da ke kwance a bidiyon kuma yana da haƙƙin sutura, yana da uwa da 'ya'ya waɗanda wataƙila ta wannan hanyar za su fara sanin rasuwarsa. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman idan na ga wayar uba a hannun yaro ɗan shekara bakwai.

Wani kaso na abin da ke hana ka barci ma bai faru ba, ko kuma ya faru ne a wani wuri a wani zamani. Ba ka manta da daren watan Agustan 2014 ba, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane da kiran waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Kafin gari ya waye saƙon ya zagaye ƙasar, an kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa rayukansu, kuma waɗanda suka yaɗa shi masoya ne masu neman tsirar da 'yan'uwansu. A rikicin Filato na Yunin 2018, binciken BBC ya nuna cewa wasu hotunan da suka harzuƙa mutane a Facebook ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 83, ya zargi masu yaɗa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu ba tare da mayar da shi ga waɗanda za su iya tantancewa ba. Idan saƙon murya ya zo babu sunan mai magana, babu rana, babu sunan gari, ga alamar an yi ta tura shi, ka bar shi ya kwana. Idan gaskiya ne za ka ji shi a rediyo gobe, akwai kuma kafafen tantance labarai irin su Dubawa.

Batun juya wa mutane baya

Nan ne nake ganin ainihin ƙullin yake. A ƙasan zuciyarka akwai jin cewa tunda kai kana Zariya cikin aminci su kuma suna kwana da takalmi a ƙafa, to mafi ƙarancin abin da za ka yi shi ne ka sha wahala tare da su, kuma barci mai daɗi kamar cin amana ne. Wannan ji daga kyakkyawar zuciya yake fitowa, ina kuma ganinsa sosai a wurin waɗanda suka baro ƙauye suka yi karatu. Amma ka duba shi da idon basira. Daren da ka kwana kana kallon waya bai ƙara wa mahaifinka tsaro ko kaɗan ba, bai ma san ka yi ba. Abin da yake isa gare shi daga wurinka shi ne muryarka idan ka kira, da kuɗin da kake aikawa, da hankalinka ranar da ake buƙatar wanda zai yanke shawara cikin natsuwa. Duka ukun rashin barci yana rage su. Idan hawan jini ya kwantar da kai, gida biyu ne za su rasa madogara.

Akwai kuma haɗarin da na fi jin tsoro ga mutane irinka, wato ranar da zuciya za ta gaji ta rufe. Na ga waɗanda suka fara kamar kai, suna bin komai suna jin zafin komai, bayan shekaru suka koma cewa duk ɗaya ne, ƙasar ba za ta gyaru ba, kuma ba su sake zuwa rumfar zaɓe ba. Rahoton cibiyar nazarin aikin jarida ta Reuters na 2024 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya a ƙasashe da dama suna kauce wa labarai da gangan a wasu lokuta, alhali a 2017 kashi 29 ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin miliyan 25 ne kawai suka kaɗa ƙuri'a. Dalilan suna da yawa, amma yanke ƙauna yana cikinsu. Rage labarin da nake ba ka shawara hanya ce ta kare ka daga wannan makoma.

Inda hannunka zai kai

Rubuta martani mai zafi a Facebook yana sa mutum ya ji kamar ya yi wani abu, amma yawanci ya tashi ne da ƙarin ɓacin rai, an zage shi ya rama, kuma babu rijiyar da aka gyara. Ka kwatanta da abin da ya faru a ƙauyen Bagega na ƙaramar hukumar Anka a Zamfara. Gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara tun daga 2010. An share ƙasar wasu ƙauyuka aka bar Bagega, likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF kuma ba za su iya fara yi wa yaran magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin in ba haka ba gubar za ta sake shiga jikinsu. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012 amma kuɗin suka maƙale. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, tare da wasu ƙungiyoyi, suka kama wannan batu ɗaya tak: ƙauye ɗaya, adadi ɗaya, ofisoshin da aka san su. Sun yi amfani da kafafen sada zumuntar nan da suke hana ka barci, suka matsa har aka saki kuɗin a farkon 2013 aka fara aiki. Abin da ya sa suka yi nasara shi ne sun ƙuntata abin da suke nema har ya zama wanda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Ka zaɓi abu ɗaya a mazaɓarka, ka ba shi awa biyu ko uku a mako, a rana sananniya. A matsayinka na malami kana da ƙofa a kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, inda za a iya maganar katanga da mai gadi da abin da yara za su yi idan an ji motsi. Ƙaramin asibitin unguwa yana da kwamitin ci gaban mazaɓa wanda sau da yawa yake neman mai ilimin da zai rubuta takarda. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma duk da cewa aiwatarwar ta yi ta tafiyar hawainiya, tambayar kansila da ciyaman nawa ya shigo kuma me aka yi da shi ta ƙara samun gindin zama. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukuma takarda, ta kuma ba ta kwana bakwai ta amsa, sannan shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana wallafa ayyukan mazaɓu da aka sa a kasafin kuɗi. Idan zuciyarka ta fi karkata ga waɗanda aka raba da gidajensu, akwai 'ya'yansu a unguwannin gefen gari da suka bar makaranta, kai kuma koyarwa ce sana'arka. Aikin katin zaɓe da kake yi ka ci gaba da shi. Ka yi tare da mutane, domin rabin maganin yana cikin zama da waɗanda abin ya dama kamar yadda ya dame ka, ku yi magana ido da ido, ku tashi da abin da kowa zai yi kafin mako mai zuwa. Sai dai ka yi hattara da rubuta sunayen mutane ko motsin jami'an tsaro da 'yan sa-kai a fili, saboda iyayenka suna inda masu kai rahoto suke.

Shi ma jikin yana da haƙƙinsa. Tafiyar ƙafa ta rabin awa mafi yawan ranaku tana ƙone abin da firgici ya tara, goro da kofi da shayi mai kauri bayan la'asar kuma suna ƙara bugun zuciya da rashin barci. Idan gaba ya faɗi, ka ja numfashi ta hanci a hankali ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, na wasu mintoci. Azkar na safe da na yamma da karatun Alƙur'ani kafin kwanciya su maye gurbin da waya take ciki, kuma addu'ar da za ka yi wa waɗanda aka kashe ta fi amfanar su a kan kallon gawarsu. Ka kuma gaya wa maiɗakinka tsarin da ka yi domin ta taya ka riƙe shi, tunda ita ta fara ganin halin da ka shiga.

Lokacin da ya kamata a ga likita

Daga wasiƙa ba a tantance cuta, kuma shawarata ba za ta kori 'yan bindiga daga daji ko ta sauko da farashin buhun masara ba. Iyakarta ta taimake ka ka tsaya da ƙafafunka a cikin halin da ake ciki. Shekara biyu na lalacewar barci lokaci ne mai tsawo, saboda haka ina so a wannan makon ka je a auna jininka, a duba sukari, a kuma duba maƙoshi idan likita ya ga dama, domin ciwon da ke sa glandar wuya yin aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya da faɗuwar gaba iri ɗaya da na damuwa. Kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka. Irin su baliyam suna kama mutum cikin 'yan makonni, barinsu kuma ya fi rashin barcin wuya.

Ka gwada tsarin nan na wata guda. Idan babu sauƙi, ko kuma ka yi mako biyu a jere cikin ƙuncin rai kusan kullum, abinci ya fita ranka, abin da kake jin daɗinsa a da ya daina burge ka, ko hotunan da ka gani suna dawo maka a mafarki da farke, ko aiki ya fara gagararka, to lokacin ganin likitan ƙwaƙwalwa ya yi. Akwai sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma yawancin masu zuwa can mutane ne da ke aikinsu suna riƙe da gidajensu, kamar kai. Idan kuwa tunanin cewa gara mutuwa ko na cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, kada ka jira wata guda. Ka gaya wa maiɗakinka ko wani amininka a ranar, su raka ka asibiti. Duk lokacin da ka je, kada ka tsaya a kan ciwon kai da bugun zuciya. Ka faɗa wa likitan awa nawa kake barci, awa nawa kake yi a kan waya, da kuma inda iyayenka suke zaune.